Limancin Nura a Masar

Tunda muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mini ruwa sai da ya ajiye jarka ya ce, "Malama, da gaske ne tumatirinsu ya kai kan jariri?" To ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa in wuce. Amma in faɗa tun yanzu, kada wani ya ce na yaudare shi: ban hau raƙumi ba, ban shiga kwalekwale a kogin Nilu ba, dalar Fir'auna ma ta tagar mota na hango ta. Jinya ce ta kai ni, a shekarar 2014, sai kuma wani masallaci da ƙanena yake limanci a cikinsa ba tare da masallacin ya sani ba.

Mahaifinmu, wanda duk unguwarmu a Funtuwa ke kira Baba Malam, yanar ido ta rufe masa ido biyun, har ta kai sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Ƙanena Nura yana Alƙahira yana karatun addini, shi ya nemo mana likita. Ni ce babba, ni ce mai hutun makaranta, ni ce kuma wadda ba a neman ra'ayinta a gidan, saboda haka ni aka zaɓa in raka shi.

Shekara biyu kafin nan Nura ya turo wani hoto. Ga shi tsaye cikin farar jallabiya, a bayansa tsohon gini mai kubba. Bai rubuta komai a ƙasa ba. Innarmu ta dubi kubba, ta dubi jallabiya, ta yanke hukunci cewa an ba ɗanta limanci a Masar. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa. Aka soma kiranta Uwar Liman, tana amsawa da irin kunyar nan ta wadda abu ya yi wa daɗi. Da aka tambayi Nura a waya bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya koma maganar sanyin Masar.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Baba. Yana da ƙane, Baffa Iro, wanda ya shiga wasan kwaikwayo tun muna yara, yana fitowa a talabijin da gemun auduga yana ba mutane dariya. Ranar da Baba ya ji, ya ce ba shi ba Iro. Bai sake amsa sallamarsa ba. Baffa Iro yakan zo ranar salla ya tsaya a zaure ya yi sallama har ya gaji ya tafi, mu muna ciki muna jinsa. Da ya rasu Baba ya je jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya dawo gida. Tun daga nan kowa a gidanmu ya san inda iyakarsa take.

Wannan mutumin ne, ana gobe za mu tashi, ya tara mu ya ce, "In Allah ya buɗe mini ido, abin da zan fara gani a Masar shi ne masallacin Nura. Na yi alkawarin raka'a biyu a bayansa." Inna ta yi hawayen murna, ni ma na ce amin da ƙarfi.

Inna ta haɗa mana kaya kamar a Masar ba a taɓa ɗora tukunya ba: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, kilishi, man shanu, da robar daddawa da ta naɗe a tsohon zani. A saman jaka kuma sabuwar alkyabba ta Liman. Daga Funtuwa zuwa Kano shingen sojoji ya fi gari yawa a lokacin. A kowane shinge sai an leƙo an ce ina za mu, Baba ya ce Masar, sojan ya dubi tsohuwar motarmu ya ce Allah ya kai mu.

Jirgin da muka shiga a Kano asibiti ne mai fukafukai. Rabinsa marasa lafiya, rabinsa masu jinya. Mai ciwon ƙoda yana ba mai ciwon gwiwa shawara, wata Hajiya a gefena ta ba ni labarin duk abin da aka taɓa cirewa daga cikinta tun daga tashinmu har muka ƙetare hamada. Na ci abincin jirgi da ƙyar.

A filin jirgin Alƙahira wani ma'aikacin kwastan ya ga ƙunshin zanin Inna ya ɗauka ya kama babbar ɓarauniya. Ya warware, ya buɗe robar daddawa, ya tura hanci da kansa, ban aike shi ba. Ya ja da baya yana tari, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sa nasa hancin don kada a bar shi a baya. Baba ya ji hayaniya ya ce ai shi ya iya Larabci, bari ya yi musu bayani. Ya gyara murya ya zubo musu Larabcin littafi, kowane wasali a mazauninsa, yana bayyana yadda ake dafa kalwa a rufe ta har ta ruɓe. Ma'aikacin ya saurara baki buɗe. Da Baba ya kai aya sai ya ce, "Sadaƙallahul azim, ya Hajj," ya tura mana kayanmu da bayan hannu.

Nura yana jiranmu a waje. Ya durƙusa har ƙasa, Baba ya lalubi kansa ya shafa. Na lura ya rame, na kuma lura akwai ɗigon jan fenti a bayan kunnensa. Na ce a raina wataƙila limaman Masar su ke yi wa masallaci fenti.

Ya kama mana shaƙƙa a Giza, wato ɗakunan haya a saman bene. Ginin yana da maigadi, bawwab suke ce masa, wanda aikinsa ya zauna a kan benci ya san sirrin kowa. Akwai lifta da ke aiki in ta ga dama. Matan ginin ba sa sauka sayen komai, kwando suke zurowa da igiya daga baranda su kwala wa mai shago kira, ya zuba musu su ja. Na tuna yadda nake ratsa rana zuwa bakin titi saboda magi, na ji haushin duk shekarun da na ɓata. Da na tambayi Nura alƙibla ya ce in kalli firji, na kalli firji na yi salla, ban sake tunanin maganar ba. Da yamma aka ɗauke wuta, Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba mu yi nisa da gida ba."

Abincinsu wake ne. Da safe wake dafaffe da mai, ful suke kiransa. Da rana wake niƙaƙƙe soyayye, wanda ƙosai ne da ya je makaranta ya canza suna. In sun so burge baƙo sai su ba shi koshari: shinkafa da taliya da makaroni da wani ƙaramin wake duk a kwano guda, irin abin da a gida muke yi in baƙi sun zo ba shiri an kwashe ragowar tukwane. Baba ya ɗanɗana ya ce a dama masa kunu. Shayi kuwa ba a tambayarka ko kana so, sukari nawa kawai ake tambaya.

Asibitin yana Mohandessin, unguwar ofisoshi da masu takalmi mai ƙyalli. Nan na koyi kalmomi biyun da ake tafiyar da ƙasar da su. In ka tambayi yaushe, a ce bukra, wato gobe. In goben ta zo ba a yi ba, a ce ma'alish, wato ka yi haƙuri, su dai sun riga sun yafe wa kansu. Likitan dai ya san aikinsa. Ya duba Baba ya ce za a fara da idon dama, in ya warke a yi na hagu.

A hanyar dawowa ne Nura ya soma.

"Baba, me zai hana mu je masallacin gobe, tun kafin aiki? Ka ga sai mu samu albarka."

"In je in ga me?"

"Ai ko ba ka gani ba, za ka ji..."

"Na ji ya isa. Gani nake so. Sai an buɗe."

Washegari ya sake kawo maganar, jibi ma haka. Ni malamar makaranta ce, na san fuskar yaron da yake so a karɓi aikin gida a cikin duhu. Da Baba ya kwanta bayan azahar na ja Nura kicin na rufe ƙofa.

"Kai, gaya mini gaskiya. Akwai masallacin nan ko babu?"

"Yaya, ginin yana nan."

"Ban tambaye ka gini ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yana da wani abu a can da yamma, in zo in gani da idona, don bakinsa ba zai iya faɗa ba. Muka bar wa bawwab amanar Baba. Nura ya riga ni tafiya, ya kwatanta mini hanya.

Na shiga jirgin ƙasansu na ƙarƙashin ƙasa, taragon mata, inda babu mai matse ka sai 'yar'uwarka. Na fito na tsaya a bakin titi ina jiran motoci su tsagaita, sai da wata tsohuwa ta kama hannuna ta ja ni tsakiyarsu tana zagin direbobi ɗaya bayan ɗaya. A Alƙahira haka ake ƙetare titi, da salati da zagi. Daga nan na bi lunguna cikin tsohon gari, ta gaban masu ƙera tire da masu gasa gurasa, har na hango kubbar da ta sa aka canza wa Innarmu suna.

Na cire takalmi a bakin ƙofa, kamar 'yar malam. A gefena wata mata mai gajeren gashi tana zaune a kan kujera tana busa sigari, ta bi takalmin da kallo. Ban kai ga yi mata wa'azi ba sai na ji gyaran murya daga ciki. Gyaran muryar Baba. Wanda in ya yi shi a zaure, har kajin gidanmu suke natsuwa.

"Kai! Wa ya ce ka zauna kamar buhun gero? Miƙe bayanka!"

Na bar mutum yana barci a Giza, makaho, ya aka yi ya riga ni zuwa? Na leƙa. Yara ne cike da wurin a ƙarƙashin kubba, 'yan Masar da 'yan Sudan da 'yan Habasha, sun miƙe bayansu ƙyam, suka amsa baki ɗaya da Hausa, "Na'am, Malam!" A gabansu wani akwati mai labule, a samansa 'yar tsana irin wadda ake zura hannu a ciki, da babbar riga da rawani da farin gemu. Tana karkata kai hagu in za ta yi faɗa. Tana koya musu baƙaƙe, tana rankwashin 'yar tsanar ɓarawo, tana yi wa ta ɗan sanda nasiha, yara suna dariya har da faɗuwa. A gefe wani tsoho baƙi yana kaɗa ganga. Na zauna a ƙasa ina kallo.

Da aka tashi Nura ya fito daga bayan labule, 'yar tsanar Baba tana rataye a hannunsa.

"Sannu, Liman," na ce. "An idar?"

Ya ce karatunsa yana nan, da safe yake zuwa. Ya fara zuwa nan ne don koya wa 'ya'yan 'yan gudun hijira karatu, waɗanda ba su samu makaranta ba. Yaran suka ƙi zama. Aka ba shi 'yar tsana ya gwada, shi kuma a duniya murya ɗaya ya sani da take zaunar da yaro. Ya ce, "Yaya, in na sa hannu a ciki sai in ji kamar ina zaurenmu." Na so in mare shi, na kuma ji tausayinsa ya kama ni. Amma abin da ya fi ƙarfi a raina tsoro ne, don Baffa Iro gemun auduga kawai ya sa, bai kwaikwayi kowa ba.

Mai sigarin nan ita ce shugabar wurin, Madam Nadiya, Kirista ce 'yar Masar. Mai gangar kuma Ammu Haruna, tela ne, Bahaushen Sudan, shi ya ɗinka wa 'yar tsanar babbar riga. Suka zaunar da ni da shayi, kowa ya ba ni tarihin ginin irin nasa. Madam ta ce matar wani basarake ce ta gina wa 'yan ɗariƙa tun zamanin Turkawa, su yi zikiri su kwana, Takiyya ake kiransa har yau. Ammu Haruna ya ce wannan duk labarin manya ne, shi abin da ya sani mutanenmu masu tafiya hajji a ƙasa sukan sauka nan, kakansa ma da ya fito daga ƙasar Haɗeja ya kwana ƙarƙashin kubbar nan. Madam ta ce kakan nasa kullum sai ya ƙara kwana guda a labarin. Sun dai yarda a kan sauran: 'yan ɗariƙa suka watse, aka mai da wurin rumbun ajiyar gari, wani kafinta ya gaje shi, bayansa awaki da shara. Da aka yi juyin juya halin nan da ya tashi shugaban ƙasa, samarin unguwa suka sami ƙarfin hali suka kwashe sharar. Yanzu ana koyon zane, ana kiɗa, ana wasan yara, mata suna saƙa a tsakar gidan. Mai neman salla yana da babban masallaci a bayan layi.

Na gaya musu alkawarin Baba, na gaya musu labarin Baffa Iro. Na zaci Madam za ta ce a faɗa masa gaskiya. Sai ta kashe sigari ta ce, "Khalas, shi ke nan. Masallaci yake so? Wasan kwaikwayo sana'armu ce. Za mu yi masa masallaci." Ni da nake koya wa 'yan mata illar ƙarya a aji, ni na fara cewa tamam, wato ya yi daidai.

Aka raba aiki. Ammu Haruna zai aro dardumai ya kuma tattaro tsofaffi su zama mamu. Na bi shi har unguwarsu, Arba wa Nus, can gabashin gari, a cikin wata ƙaramar bas da ake miƙa kuɗin mota hannu da hannu har ya kai ga direba. Can na ga mata masu sayar da shayi a bakin hanya suna Hausa irin ta kakanninmu, rabinta Larabci. Wata ta riƙe hannuna ta ce, "Ya bitti, 'yata, har yanzu ana yin fura a can?" Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma sai da ta yi mini faɗa a kan ɗaurin ɗankwalina.

Aka yi wa Baba aiki lafiya, aka rufe idon da auduga. Ranar da za a cire, Nura ya tafi da shi asibiti, ni na ce zan tsaya in yi girki. Suna fita na kama hanyar Takiyya. Na tarar an kwashe zane-zane daga bango, an tura ganguna ɗakin baya, 'yan tsana kuma an cusa su cikin wani kabad mai ƙofofin katako da ke jikin bango tun zamanin kafinta. Madam ta ciro wata baƙar abaya daga akwatin kayan wasa ta zura, ta ce ita ce mai sharar masallaci. Ammu Haruna ya ajiye dardumai ya koma ɗauko tsofaffinsa.

Saura shimfiɗa. Na dubi inda rana take shigowa ta taga na ce ga gabas nan. Tun ina goye na san mai salla gabas yake kallo. Na tambayi Madam don tabbatarwa, ta ce ƙwarai, su ma a cocinsu gabas suke kallo. Malamai biyu sun haɗu a kan fatawa, sai muka shimfiɗa. Dardumai suka fito a karkace suna kallon kusurwar ɗaki. Na tsaya na duba na ce Misirawa dai akwai su da son gini, amma ba su iya daidaita bango ba.

Da hantsi suka iso. Baba yana gaba da baƙin tabarau, ba mai riƙe da hannunsa, Nura yana biye cikin alkyabbar Inna yana gumi. Ganin Baba yana taka ƙasa shi kaɗai ya sa na manta da komai, hawaye ya zubo mini. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ashe kin yi furfura." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Bai tambayi girkin da na ce zan yi ba.

Ya cire takalmi ya shiga. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kubba. Madam tana shara a inda babu ƙura. Sai ya sauke kai ya dubi ƙasa.

"Wa ya shimfiɗa dardumar nan?"

"Ni ce, Baba. Gabas na duba."

"Gabas ɗin Funtuwa kika ƙullo a jaka? A garin nan Makka tana tsakanin gabas da kudu. Tunda muka zo ina kike kallo?"

"Firji," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya juya yana bin bango da sabon idonsa har ya tsaya a kan kabad ɗin nan. A samansa akwai wani tsohon rubutu da aka sassaƙa a dutse, wanda ni na ɗauka ado ne. Ya matsa ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi, karatunsa na farko da ido bayan shekaru. Ya ce, "Ga mihrabi nan, wurin tsayuwar liman. Wa ya sa masa ƙofa?" Ya miƙa hannu ya ja.

Ɓarawo ne ya fara faɗowa, sai ɗan sanda, sai wata amarya. Na ƙarshe ya sauka daidai kan ƙafarsa, da rawani da farin gemu.

A daidai lokacin Ammu Haruna ya shigo da tsofaffinsa a jere, kowa da carbi, ya ɗaga murya kamar yadda aka shirya: "Salamu alaikum! Ina Liman? Mun zo salla!"

Baba ya waiga. "Wace salla da hantsi?"

Ya sunkuya ya ɗauki 'yar tsanar, ya cire tabarau, ya kawo ta kusa da idonsa na dama. Ya dubi gemun, ya dubi rigar. Nura ya zube a ƙasa. Ni kuwa abin da nake ji a kunnena sallamar Baffa Iro ce a zaure.

"Sa hannunka," in ji Baba. "In gani."

"Baba, don Allah..."

"Sa hannunka."

Nura ya sa. Ya yi gyaran murya, ba ta fito irin ta Baba ba. Ya sake. Ya ce, "Wa ya ce ka zauna kamar buhun gero? Miƙe bayanka." Ashe yaran unguwa sun ga an hana su shiga sun maƙale a tagogi. Sai kawai muka ji daga sama, baki ɗaya, "Na'am, Malam!"

Baba ya ɗaga kai ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara biyu kana kirana ina jin ganga a bayan muryarka," ya ce. "Ido ne ya mutu, kunne yana nan. Na bari ne in ga abin da idona, kada in sake yanke hukunci a kan ji." Ya nuna mihrabin. "A cire ƙofofin nan. A nema wa waɗannan akwati. Wasanku ku yi shi can tsakiya, nan goshin mutane ya taɓa ƙasa."

Nura ya fassara wa Madam. Ta ajiye tsintsiya ta ce ba ta taɓa sanin abin da ke bayan katakon ba, ta aika a kira mai guduma. Tsofaffin haya suka kama dardumai suka juya su, sai ga shi sun zauna daidai da bango, Misirawa sun wanku daga zargina. Baba ya tsaya a sahu ya ce wa Nura, "Wuce gaba."

"Ni, Baba?"

"Na yi alkawarin raka'a biyu a bayanka. Lokacin walaha ne. Cire wannan abin daga hannunka ka wuce."

Haka Nura ya yi limancinsa na farko a Masar, yana karatu yana shessheƙa. Tsofaffin da aka ɗauko don wasa suka bi shi da gaske. Ni ina baya ni kaɗai, Madam tana bakin ƙofa tana tare yara da hannu biyu.

Da aka sallame Baba ya ce wa Nura, "Uwarka ta ɗauki ƙaryar nan a ka tana yawo da ita unguwa-unguwa. Kai za ka sauke mata, da bakinka, yau. Karatu kuma in ka bari ya faɗi, ni da kai ne." Ya juya ga Ammu Haruna ya nuna 'yar tsanar ya ce rawanin naɗin Sudan ne, shi ba haka yake naɗa nasa ba. Suka zauna su biyu suna gardama a kai har shayi ya zo.

Inna ta yi kuka a waya, ta yi faɗa, sannan ta tambaya ko dai ya ja salla ko bai ja ba. Da aka ce ya ja, ta ce to ita ba ta ga abin da ya canza ba. Har yau in an ce Uwar Liman tana amsawa.

Aka yi ido na biyu, muka kamo hanya. A jirgi Baba ya karɓe mini kujerar taga, yana kallon hamada har muka yi nisa. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ban taɓa kallon wasan Iro ba. Ko sau ɗaya. Gaya mini aka yi. A lokacin kuwa idona biyu garau."

Na gyara masa bargo.

Da muka shigo Funtuwa direba ya sa sigina zai karya layinmu, inda Inna da rabin unguwa suke jira da abinci. Baba ya ce ya miƙe. Ya riƙa nuna hanya da kansa har ƙofar gidan Baffa Iro, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Ya ce in zauna a mota. Ya fita, ya shiga zauren, ya tsaya ya yi sallama. Ba a ji ba. Ya sake yi da ƙarfi, ya tsaya yana jira a amsa masa.